Tarihin Kunnen Gwamnati a Wayar Jama'a: Daga Telgiram Zuwa Lambar NIN

A shekarar 2013, tsakanin watan Afrilu da watan Yuni, labarai biyu suka fito waɗanda suka shafi duk mai riƙe da waya a hannu. Na farko a nan gida ne. Jaridar Premium Times ta ba da labarin cewa gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta ba wani kamfanin Isra'ila mai suna Elbit Systems kwangilar dala miliyan 40 domin ya kafa na'urorin sa ido a kan abin da 'yan Najeriya ke yi a intanet. Na biyu daga Amurka ya zo, inda wani matashi ɗan shekara 29, Edward Snowden, ya kwaso takardun sirri na hukumar leƙen asiri ta NSA ya miƙa wa 'yan jarida. Labarin Snowden ya girgiza duniya har sai da aka taɓa doka. Namu kuwa an yi 'yan makonni ana cece-kuce, Majalisar Wakilai ta ce a dakata a bincika, daga nan ƙura ta lafa. Zan fara da tarihin Amurka, saboda nasu ne aka fi tonawa, da takardu da ranaku, sannan mu dawo gida mu auna namu da shi.

Abin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1945, ana gama Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suka roƙi manyan kamfanonin aika telgiram guda uku, Western Union da RCA da ITT, da su ci gaba da ba su kwafin saƙonnin da ke shiga ƙasar da masu fita, kamar yadda aka yi lokacin yaƙi. Babu izinin kotu, babu dokar majalisa, magana ce kawai tsakanin manya. Kamfanonin suka yarda. Da Shugaba Harry Truman ya kafa NSA a 1952, sai ta gaji wannan aiki, wanda aka laƙaba wa suna SHAMROCK. Shekara talatin cur ana yinsa, har zuwa 1975, kuma a ƙarshe-ƙarshensa ma'aikata kan duba saƙo kusan 150,000 a wata. Yaƙin da ya zama dalili ya daɗe da ƙarewa, an sami wani dalilin, wato tsoron Tarayyar Sobiyat da kwaminisanci.

Wa aka saurara? A nan ne tarihin ya fi ba da mamaki. Hukumar FBI, ƙarƙashin J. Edgar Hoover, ta buɗe wani shiri a 1956 mai suna COINTELPRO da nufin 'yan kwaminis, amma kafin a jima ya koma kan baƙaƙen fata masu neman 'yanci da masu adawa da yaƙin Biyetnam. A 1963 ministan shari'a Robert Kennedy ya sa hannu aka ɗana kunne a wayar Martin Luther King, mutumin da yau Amurka ke hutun ƙasa domin tunawa da shi. Ba a tsaya ga waya ba, har ɗakunan otal da yake sauka an dasa na'urar ɗaukar magana. A 1964 aka haɗa abin da aka naɗa da wata wasiƙa marar sa hannu aka aika masa, wadda shi da mutanensa suka fahimci tana nufin ya kashe kansa kafin a tona masa asiri. Ita ma NSA tana da jerin sunayen mutanen da take bibiya, kuma a cikinsu akwai King, akwai ɗan dambe Muhammad Ali. Babu ɗayansu da ya taɓa dasa bam.

Yadda asirin ya tonu shi ma abin ji ne. A daren 8 ga Maris 1971, daren da duk Amurka ta tattara hankali a kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, wasu mutum takwas masu adawa da yaƙi suka fasa wani ƙaramin ofishin FBI a garin Media da ke jihar Pennsylvania, suka kwashe takardu fiye da dubu, suka riƙa aika wa jaridu ta gidan waya. FBI ta baza ma'aikata tana nemansu, ba ta kama ko ɗaya ba. Sai a 2014, bayan sun tsufa, wasunsu suka fito suka ce su ne. Daga waɗannan takardu, da kuma badaƙalar Watergate da ta ci kujerar Shugaba Nixon a 1974, Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti a 1975 ƙarƙashin Sanata Frank Church. Kwamitin ne ya fito da labarin SHAMROCK fili. Church ya yi gargaɗi a talabijin a waccan shekara cewa idan wata rana mai mulkin kama-karya ya hau, kayan aikin da hukumomin nan suka tara sun isa su hana kowa wurin ɓuya. Bayan shekaru da yawa takardu suka nuna cewa shi kansa Church yana cikin jerin waɗanda NSA ta bibiya.

Sakamakon binciken shi ne dokar FISA ta 1978. Ta kafa kotu ta musamman wadda dole hukuma ta je gabanta neman izini kafin ta saurari wani a cikin Amurka da sunan leƙen asirin waje. Ci gaba ne, babu shakka. Sai dai kotun a ɓoye take zama, kuma ɓangare ɗaya kawai take ji, wato gwamnati. Daga 1979 zuwa 2012 an kai mata buƙata sama da 33,000, ta ƙi 11. Masu kare ta suna cewa ai alƙalai kan sa a gyara buƙata tun kafin a shigar da ita, shi ya sa ƙin ya yi kaɗan. Ko da haka ne, kotun da ba ta jin ta bakin wanda za a saurara tana da wuyar zama shinge mai ƙarfi.

Sai harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya kashe mutum kusan 3,000. Kwana 45 bayan harin Shugaba George Bush ya sa hannu a dokar Patriot, doka mai shafi sama da 300. A Majalisar Dattawa mutum 98 suka amince, mutum ɗaya tak, Russ Feingold, ya ce a'a. Ba ma wannan kaɗai ba, Bush ya ba NSA umarni a asirce ta riƙa sauraron wasu kiraye-kiraye ba tare da ta bi ta kotun FISA ba, abin da jaridar New York Times ta tona a Disamba 2005. A 2006 wani tsohon ma'aikacin kamfanin waya na AT&T, Mark Klein, ya bayyana cewa a ginin kamfanin da ke San Francisco akwai wani ɗaki mai lamba 641A inda ake karkatar da kwafin duk abin da ke bi ta manyan wayoyin intanet zuwa na'urorin NSA. Me majalisa ta yi? A 2008 ta yi gyaran doka wanda ya halatta yawancin aikin, ta kuma kare kamfanonin waya daga ƙarar da jama'a suka shigar a kansu.

A wannan zango Musulmin Amurka ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa 'yan sandan birnin New York suna da wani sashe da ke tura mutane cikin farin kaya masallatai da gidajen abinci da shagunan Musulmi, suna rubuta wa ke zuwa, me ake hira a kai, wace tasha ake kallo. A 2012 wani babban jami'insu ya yarda a ƙarƙashin rantsuwa cewa wannan aiki bai taɓa haifar da binciken ta'addanci ko guda ba. An rufe sashen a 2014. Mu da muke zaune a garuruwan da ake kiranmu baƙi, inda laifin mutum ɗaya kan zama na unguwa gaba ɗaya, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Yanzu ga Snowden. A watan Maris 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka, James Clapper, a zaman majalisa na bainar jama'a, ko NSA na tara wani irin bayani a kan miliyoyin Amurkawa. Clapper ya ce a'a, ba da gangan ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Snowden, wanda a lokacin yake aiki a wata cibiyar NSA a Hawaii ta hannun kamfanin kwangila na Booz Allen Hamilton, ya tashi zuwa Hong Kong a ranar 20 ga Mayu, ya gana da 'yan jarida Glenn Greenwald da Laura Poitras da Ewen MacAskill a ɗakin otal. Ranar 5 ga Yuni jaridar Guardian ta Ingila ta buga umarnin kotun FISA da ya tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa wa NSA bayanan kiran abokan cinikinsa kullum, ba tare da ware mai laifi da marar laifi ba. Washegari Guardian da Washington Post suka fito da shirin PRISM, wanda ta cikinsa NSA ke karɓar saƙonnin imel da hotuna da hirarraki daga Microsoft, Yahoo, Google, Facebook, YouTube, Skype, Apple da wasu. Kamfanonin sun musanta cewa sun buɗe wa gwamnati rumbunansu kai tsaye, suka ce umarnin kotu suke bi. Ranar 9 ga Yuni Snowden ya bayyana fuskarsa ya ce shi ne.

Akwai wani abu a dokar PRISM da ya shafe mu kai tsaye. Sashe na 702 na dokar 2008 ya ba ɗan Amurka wata kariya, amma wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma yana zaune a waje, ana iya bibiyarsa ba tare da izinin kotu a kan sunansa ba. Ke nan mai asusun Facebook ko Gmail a Legas, ko Fatakwal, ko Kano, yana cikin waɗanda dokar ta bari a fili.

Takardun sun ci gaba da fita wata bayan wata. Aka ji cewa hukumar GCHQ ta Ingila tana tatsar bayanai daga manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, tana raba su da Amurka, a cikin wani ƙawance da ya haɗa su da Kanada da Ostareliya da New Zealand. Aka ji an bibiyi wayar shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel. Shugabar Brazil Dilma Rousseff ta fasa ziyarar da za ta kai Amurka saboda fushi. A watan Yuli ƙasashen Turai suka hana jirgin shugaban Bolibiya Evo Morales hanya, ya sauka dole a Biyana, don ana zaton Snowden na ciki, alhali ba ya ciki. A Landan kuwa jami'an gwamnati suka tsaya a kan ma'aikatan Guardian har suka farfasa kwamfutocin da takardun ke ciki, duk da kowa ya san akwai kwafi a wasu ƙasashe.

Hujjar da gwamnatin Obama ta fi riƙewa ita ce ba a sauraron abin da mutane ke faɗa, sawun kira kawai ake tarawa: wace lamba ta kira wace, yaushe, minti nawa. Mutane da yawa sun ji haka sun sami natsuwa, kuma a ganina a nan aka fi yaudarar jama'a. Ɗauki ɗan kasuwa a Mile 12. Idan na san lambobin da yake kira a Dawanau duk ranar da zai yi lodi, na san masu ba shi kaya. Idan na ga ya kira asibiti sau huɗu a mako ɗaya, sannan ya kira ƙaninsa a gida suka yi awa guda, na san akwai rashin lafiya. Idan na ga wata lamba da yake kira bayan sha biyun dare kullum, wadda ba ta matarsa ba ce, na sami abin da zan riƙe shi da shi. Ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya. Magana tana buƙatar mai saurare da mai fassara, amma sawun kira kwamfuta ce ke tace shi, na mutum miliyan a lokaci guda. Tsohon shugaban NSA da CIA, Michael Hayden, ya faɗa da bakinsa a 2014 cewa Amurka na kashe mutane bisa irin wannan bayani, ko da yake ya ƙara da cewa ba da na 'yan ƙasarsu ba.

To tarin bayanan ya hana hari? Wata hukumar sa ido da dokar Amurka ta kafa ta bincika, ta fitar da rahoto a Janairu 2014 cewa ba ta ga ko misali ɗaya ba inda tara sawun kiran kowa da kowa ya kawo bambanci na zahiri a binciken wata barazanar ta'addanci ga ƙasar. A Mayu 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya wuce abin da doka ta yarda, kuma a watan Yuni majalisa ta yi dokar da ta hana NSA tara bayanan a hannunta. Sashe na 702 kuwa ya ci gaba da aiki, an sabunta shi a 2018, an sake a 2024. Canjin da ya fi isa ga talaka daga kamfanoni ya zo, domin sun ji kunya kuma sun ji tsoron rasa kasuwa. A Afrilu 2016 WhatsApp ta kulle dukkan saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Kullen yana rufe abin da ka rubuta, amma bai ɓoye da wa kake magana ba, kuma ba ya amfani idan an shiga cikin wayar kanta, kamar yadda manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ke yi.

Shi Snowden, an tuhume shi da dokar leƙen asiri ta 1917, aka soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin Mosko kusan kwana 40 kafin Rasha ta ba shi mafaka. A 2022 ya zama ɗan ƙasar. Masu sukarsa suna cewa ya kwashi abubuwa da yawa da ba su shafi 'yancin kowa ba, kuma ya ƙare a ƙasar da tun shekarun 1990 dokarta ta tilasta wa kamfanonin sadarwa dasa na'urar hukumar tsaro a cikin layukansu. Suka ce mai ƙarfi. Amma shugaban hukuma ya riga ya faɗa wa majalisa abin da ba haka ba ne, kuma ba don takardun ba da maganarsa ce za ta zauna.

Mu dawo gida. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce an kare sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta tarho, da saƙonninsu na telgiram. Sashe na 45 kuma ya bar ƙofa: ana iya yin dokar da za ta rage wannan haƙƙi saboda tsaro ko zaman lafiyar jama'a. Ta wannan ƙofa komai ya shigo. Lokacin da wayar salula ta zo a 2001, mutum na sayen layi ba tare da an tambaye shi sunansa ba. A 2011 hukumar NCC ta fara rajistar layi da hoto da zanen yatsa. A Oktoba 2015 ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin yanke layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, kafin a sasanta a kan biliyan 330. A shekarar ce aka yi dokar laifukan intanet, wadda ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye sawun kira da bayanan mai layi na shekara biyu, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. Ƙa'idar NCC ta 2019 ta ce sai da izinin alƙali za a saurari kira, amma idan abu na gaggawa ne ana iya farawa a nemi izinin cikin awa 48. A Disamba 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, kuma a Afrilu 2022 aka toshe kira daga layuka sama da miliyan 70 da ba su haɗa ba.

Dalilin da aka bayar a kowane mataki shi ne tsaro, kuma tsoron gaskiya ne. Da wuya a sami ɗayanmu da bai san wanda Boko Haram ta raba da gida ba, ko wanda aka tara wa kuɗin fansa. Shi ya sa muka bi layi cikin rana muka ba da yatsunmu. Tambayar da ta rage ita ce me aka yi da abin da muka bayar. Mako ɗaya kafin toshe layukan nan aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kuma watanni aka shafe masu garkuwa suna waya da dangin fasinjoji. A farkon 2024 shi kansa Pantami, bayan ya bar kujera, ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da haɗin NIN da layi yadda ya kamata. A gefe guda kuma, kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya fitar da rahoto a 2020 a kan yadda 'yan sandan Najeriya suka yi amfani da bayanan kira wajen kama 'yan jarida, wani lokaci ta hanyar fara kama abokin da aka ga suna yawan waya da shi. A Disamba na shekarar cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da take ganin suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da sauraron kira. A ƙarin kasafin kuɗin 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 don kayan bibiyar WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya.

Bambancinmu da Amurka a fili yake. Su sun yi kwamitin Church wanda ya kira shugabannin hukumomi ya yi musu tambayoyi a bainar jama'a, suna da kotunan da suka ce gwamnati ta wuce gona da iri, kuma duk da haka kunnen bai fita ba, an ɗan rage masa tsawo ne. Mu abin da muka sani game da namu, daga 'yan jarida da masu bincike na waje muka ji shi.

A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Dokar ta ba mutum damar sanin abin da kamfani ya ajiye a kansa da neman a gyara ko a goge, amma ta ware aikin da hukumomi ke yi da sunan tsaron ƙasa ko binciken laifi daga yawancin sharuɗɗanta. Shekara ɗaya bayan haka, a 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya ga duk wanda ya biya. Don ta tabbatar da maganarta, ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa mai ci a lokacin, Bosun Tijani, a kan naira 100.